Waiwaye: Yadda ƙanƙara ta raya garin Chamonix

A ƙarni na 17, mutanen kwarin Chamonix na ƙasar Faransa, da ke gindin tsaunin Mont Blanc, ba sa ganin wani abin sha'awa a ƙanƙara. Daskararrun kogunan ƙanƙara na gangarowa suna cinye gonaki da gidaje, har ta kai manoma sun gayyato bishof ya yi musu addu'ar tsari. Yau jikokinsu da ita suke ci, da ita suke sha.

Al'amarin ya fara juyawa ne a 1741, lokacin da Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka ziyarci kwarin suka koma gida da labarin kogin ƙanƙarar da ake kira Mer de Glace, wato tekun ƙanƙara. A ranar 8 ga Agusta 1786, Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Mont Blanc, mai tsayin sama da mita 4,800. Baƙi suka yi ta kwarara, har a 1821 aka kafa ƙungiyar 'yan jagorar hawan dutse ta garin, wadda ke aiki har gobe.

Duk wannan harkar lokacin zafi ce. Sai da jirgin ƙasa ya iso a 1901 sannan hunturu ya fara kawo kuɗi, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ya samu gindin zama. A 1924 garin ya karɓi gasar da daga baya aka amince ita ce Olamfik ta hunturu ta farko, ƙasashe 16 suka fafata.

Abin da ya fi jan ido a yanzu shi ne keken igiya (ɗan ɗakin da ke ɗaukar mutane a rataye jikin waya) na tsaunin Aiguille du Midi da aka buɗe a 1955. Cikin minti ashirin ya ɗauke ka daga tsakiyar gari zuwa kusa da ƙololuwa mai mita 3,842, inda aka liƙa wani ɗakin gilashi da ake tsayawa a ciki, ba komai a ƙarƙashinka sai iska. Mai jiri ya haƙura. Daga can gwanayen zamiya ke gangara kwarin ƙanƙara na Vallée Blanche, tafiyar kusan kilomita 20. Filayen zamiya kuwa a warwatse suke, su Brévent-Flégère da Grands Montets, sai an hau bas daga wannan zuwa wancan, abin da ke gundurar masu iyali. Hanyar mota da aka haƙa ta cikin dutse zuwa Italiya ta fara aiki a 1965, gobarar da ta tashi a cikinta a 1999 ta hallaka mutum 39.

Babbar damuwar yau ita ce ɗumamar yanayi. Mer de Glace ya yi ta narkewa, ana ta ƙara matakalan gangarawa zuwa gare shi, har sai da mai son taɓa ƙanƙarar ya sauka matakala sama da 500. A 2024 aka buɗe sabon keken igiya da ke kai mutane can gaba, inda ƙanƙarar ta ja da baya.