Hanya, tasha da kwalbati: abin da doka ta ba ƙaramar hukuma wajen tsara sufuri

Idan kwalbati ya karye a hanyar ƙauye, mutane sukan garzaya gidan rediyo suna kiran sunan gwamna. Sau da yawa ba can ya kamata a fara kai kukan ba. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne: na tarayya, irin wadda ta tashi daga Kano ta bi Zariya zuwa Kaduna, da na jiha, sai na ƙananan hukumomi 774, waɗanda su ne mafi yawa in aka auna tsawo, kuma akasarinsu burji ne. Ta kansu hatsi ke fitowa daga gona, ta kansu ake ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti.

Tsarin Mulki na 1999 bai ambaci wata takarda mai suna shirin sufuri na ƙaramar hukuma ba, saɓanin Ingila, inda dokar sufuri ta 2000 ta wajabta wa hukumomin yanki su rubuta irin wannan shiri, su kuma tuntuɓi jama'a a kansa. Abin da namu ya yi shi ne jera ayyuka a Jadawali na Huɗu, wanda sashe na 7 ya yi nuni gare shi. A cikin jerin akwai gina hanyoyi da gyara su, da fitilun titi da magudanan ruwa, da kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Akwai kuma ba da lasisin keke, kura, baro, amalanke da kwalekwale. A nan jadawalin ya yi togaciya mai muhimmanci: ya cire kurar da inji ke ja. Shi ya sa lambar mota da lasisin tuƙi suke hannun jiha da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. A Kano ma gwamnatin jiha ce ta hana acaɓa a Janairun 2013, kuma KAROTA, wadda ke sa ido kan 'yan adaidaita sahu, hukumar jiha ce.

Saboda haka shirin da ya san iyakarsa kashi biyu yake zama. Na farko, abin da ƙaramar hukuma za ta yi da kuɗinta da ikonta. Na biyu, abin da za ta nema daga sama a rubuce. Wannan na biyun ba roƙon alfarma ba ne, domin sashe na 7(3) ya ɗora mata shiga tsara tattalin arzikin yankinta, jadawalin kuma ya buɗe da aikin miƙa shawarwari ga hukumar tsare-tsare ta jiha. Sai a haɗa da hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, wanda ya ce tsara birane hurumin jihohi ne. Duk wanda zai zana sabuwar hanya ko tasha a cikin gari, dokar jiharsa zai fara dubawa. A birnin Kano, inda Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo da ƙaramar hukumar Birni suka sarƙe da juna, ba a tsallake KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ba a kuma tsallake maƙwabta, don fasinja bai san inda iyaka take ba.

Kuɗin fa? Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya. Mai tsara shiri ya yi lissafi da abin da ya shigo hannu a shekaru uku da suka wuce bayan an cire albashi, kada ya gina kan tsammanin warabbuka.

Aikin kansa da ƙafa ake fara shi. A bi kowace hanya da babur da wayar da ke auna wuri, a rubuta inda ta fara da inda ta ƙare, da tsawonta, da faɗinta, da kowane kwalbati da girmansa da halin da yake ciki, da wata nawa mota ba ta iya binta da damina. Sannan a zaunar da masu ƙirga a mahaɗa daga shida na safe zuwa shida na yamma, kowane irin abin hawa da layinsa a takarda, har da amalanke da masu tafiya ƙasa. A ƙirga ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, a kuma maimaita da kaka. Hanyar da ta yi tsit a watan Mayu tana iya cika da manyan motocin da ke kai kaya kasuwar hatsi ta Dawanau a watan Nuwamba, kuma nauyin babbar mota ɗaya mai lodi ya fi na ɗaruruwan babura cin hanya.

Abin da wannan zagaye ke nunawa kusan ko'ina shi ne ruwa ke kashe hanya. Hanyar burji tana buƙatar doro a tsakiya, ta gangara gefe da santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, da marmara mai kaurin santimita 15 bayan an daddaɓe, da lambatu hagu da dama. Da zarar doron ya baje, ruwa ya kwanta a sawun taya, sawun ya zama kwata, kwata ta zama kwazazzabo. Kwalbatin bututu da faɗin bakinsa bai kai santimita 60 ba yashi da leda ke toshe shi, ba kuma mai iya shiga ya yashe. Mai santimita 90 ya fi tsada kaɗan, amma yaro da shebur zai iya share shi. A ganinmu, shirin shekara goma da bai ware kuɗin yashe lambatu kafin kowace damina da sake zuba marmara bayan 'yan shekaru ba, takarda ce kawai. Kilomita ɗaya na kwalta ya fi kyau a hoto, amma kuɗinsa zai iya buɗe wa ƙauyuka da dama hanya duk shekara.

Wajen tuntuɓar jama'a ne aka fi yin kuskure. Abin da aka saba shi ne a gama zane, a ba ɗan kwangila aiki, sannan a tara hakimi da dagatai a sakatariya a karanta musu. Wannan sanarwa ce. Tuntuɓa tana faruwa ne tun akwai zaɓi biyu ko uku a kan tebur, kuma sau biyu ake yin ta: kafin a rubuta daftari, don jin matsalolin, da bayan an rubuta, don jin gyara. A yi zama a kowace mazaɓa tare da kansila, ba ranar kasuwa ba, ba kuma lokacin shuka ba. A yi wa mata zamansu daban, ta hannun malaman Islamiyya ko ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, domin su suka san wahalar zuwa awo da rijiya da makarantar yara, kuma da wuya su yi magana a taron ƙofar fada. A kira ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho da 'yan dako kafin a yi maganar matsar da tasha. Tashar da aka kai bayan gari ba tare da su ba, fanko take zama, lodi ya dawo bakin titi. A kira arɗo, a shimfiɗa taswira a ƙasa ya nuna burtali da mashaya da yatsansa, kafin hanya ta datse su. A kira masu buƙata ta musamman, tunda dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta buƙaci hanyar ƙafa da wurin tsallaka titi su zama masu biyuwa gare su, wa'adin shekara biyar na gyara kuma ya cika.

Daftarin ya fito da Hausa, a manna shi a sakatariya da fadar hakimi da bakin kasuwa, a karanta taƙaitaccensa a rediyo, a sa ranar rufe karɓar ƙorafi. Ga ma'auni: manyan ayyukan da ke buƙatar binciken illa ga muhalli ƙarƙashin dokar 1992, kwanakin aiki 21 ake baje rahotonsu ga jama'a. Kada shirin da zai taɓa kowa ya gaza haka. Kowane ƙorafi a ba shi lamba, a rubuta amsarsa: an karɓa, ko an ƙi saboda kaza. Mutane sukan haƙura da "a'a" mai dalili, shirun ne ke sa su daina zuwa taro.

Inda hanya za ta ci gona ko gida, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ke magana. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma damar karɓar fili don amfanin jama'a a wajen yankin da aka ayyana birni, muddin filin ba ya da takardar mallaka ta gwamna. Amma sai ta biya diyyar abin da ke kansa, gini ko bishiya ko amfanin gona, in kuma gona ce, dokar ta ce a ba mai ita wata a madadinta. In ta ƙi biya, gwamna na iya sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. A cikin birni kuwa gwamna ne ke soke mallaka ƙarƙashin sashe na 28, kuma sai an ba mai filin sanarwa. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya ƙara da biya ba tare da jinkiri ba da 'yancin zuwa kotu. A ƙirga bishiyoyi da gine-gine a gaban mai su da mai unguwa, a ɗauki hoto, kowa ya sa hannu, a biya kafin katafila ta shigo.

A jihohi da yawa wa'adin shugaban ƙaramar hukuma shekara uku ne, don haka shirin shekara goma zai ga shugabanni uku ko huɗu. Majalisar kansiloli ta amince da shi a zamanta, a sa lambar kowace hanya a kasafin kuɗin shekara yadda za a iya bin sawu, a sake duba shi duk bayan shekara uku. Mazaunin da ke son ganin shirin ko takardar kwangilar hanyar ƙauyensu yana iya rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba da kwana bakwai a ba shi amsa. Ya riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa da kwanan wata a jiki.