Shanyewar ɓarin jiki: me ya sa doka ke zaɓa wa mara lafiya asibiti a Amurka?

Me ya haɗa doka da shanyewar ɓarin jiki?

Lokaci ne ya haɗa su. A Amurka, kusan kashi 87 cikin 100 na masu wannan ciwo gudan jini ne ke toshe musu jijiya a ƙwaƙwalwa. Akwai allurar da ke narkar da gudan, alteplase, wadda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince a yi amfani da ita ga wannan ciwo a 1996, amma sai an yi ta cikin awa uku da fara ciwon. Daga baya likitoci suka kai wa'adin awa huɗu da rabi. Kafin a yi ta kuma dole a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, don idan jijiya ce ta fashe, allurar ƙara zubar jinin za ta yi. Asibitin da ba shi da mai karanta hoton da ƙarfe biyun dare, ko a bakin ƙofarka yake, ɓata maka lokaci zai yi.

Wa ke tantance asibitocin?

Mafi shahara ita ce Joint Commission, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke duba ingancin asibitoci. A 2003 ta fara ba da takardar shaida ga cibiyoyin kula da wannan ciwo na matakin farko, a 2012 kuma ta ƙara babban mataki na asibitocin da ke iya aiki mai wuya, irin zura siririn bututu ta jijiya a zaro gudan. Wasu jihohin da kansu suke tantancewa.

To, takardar ba ta wadatar ba?

A'a. Da, al'adar motar ɗaukar marasa lafiya ita ce ta nufi asibiti mafi kusa. Florida ta yi doka a 2004 da ta tanadi a riƙa kai masu alamun ciwon cibiyar da aka tantance, wasu jihohi suka bi sahu. A ganina nan ne dokar ta yi aikinta: takarda a bango ba ta juya sitiyarin direba.

Mutanen karkara fa?

Nan gizo ke saƙa. Idan babbar cibiya na da nisan awa biyu, tsallake ƙaramin asibiti na iya cinye wa'adin allurar. Shi ya sa a 2015 aka ƙirƙiro shaida ta ƙananan asibitoci: ƙwararren likita ya duba mara lafiya ta bidiyo daga nesa, a yi allurar nan take, sannan a wuce da shi babban asibiti.