Alamomin Bazara a Karkarar Ƙasar Hausa

Bazara ita ce lokacin zafi da ke tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar tana kamawa ne daga watan Maris zuwa Mayu, kuma a wurare kamar Sakkwato zafin rana a watan Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ko da yake ƙasa a bushe take ƙamas a wannan lokaci, itatuwa da tsuntsaye kan fara nuna cewa shekara ta juya tun ɗigon ruwa bai sauka ba. Da waɗannan alamomi manoma da makiyaya ke tsara aikinsu.

Abu na farko da ke sauyawa shi ne iska. Busasshiyar iskar hunturu da ke kaɗowa daga Sahara ta arewa maso gabas takan ja baya, sai wata mai laima ta taso daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Hazo ya washe, dare ya yi gumi, a fara hango walƙiya can nesa. Wannan iska tana hawa arewa ne sannu a hankali, shi ya sa ruwa ke riga sauka a Zariya kafin Kano, a Kano kuma kafin Damagaram.

A wajen itatuwa abin ya fi ban sha'awa. Kuka, wadda ta kwashe rani tsirara, takan fitar da sabon ganye ƙasa na bushe, domin tana da ajiyar ruwa a cikin kututturenta. Tsamiya ma takan yi toho. Ɗorawa, da ta yi jajayen furanni masu reto tun a ƙarshen sanyi, yanzu 'ya'yanta sun nuna, mata na tara kalwa don daddawa, yara na shan garinta. Mangwaro ya cika kasuwa, kaɗanya kuma ta ɗauki 'ya'yan da za su zuba a farkon damina. Gawo ne kaɗai ya saɓa wa sauran: da rani yake lulluɓe da ganye, in damina ta matso sai ya kakkaɓe shi. Wannan hali nasa ne ya sa manomi ba ya sare shi a gona, don ganyen da ya zubar taki ne, kuma ba ya tare wa gero rana.

A cikin tsuntsaye babu wadda ta kai shamuwa suna a wannan fage. Tana yin watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, sannan ta dawo wajajen Afrilu zuwa Mayu ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan cikin gari, kusa da mutane. Abincinta fara ne da sauran ƙwarin da ruwa ke fitarwa, don haka tafiyarta tana bin sawun damina. Mutanen karkara ba sa taɓa ta, kuma sun yi gaskiya, domin baƙuwa ce mai kawo albishir, ga kuma farar da take rage musu. Fitowar ƙwarin shinge da kukan kwaɗi sai bayan ruwa ya sauka, don haka su shaidar isowa ce kawai.

Dattawa kan duba sama ma: taurarin Kaza da 'Ya'yanta sukan ɓace daga yamma bayan magariba a cikin watan Mayu.

Duk da haka, alamomin nan ba sa yanke ranar shuka. Aikinsu shi ne su tashi manomi ya yi sharar gona, ya kai taki, ya gyara rufin ɗaki, ya tanadi iri. Ruwan farko kan yaudari mutane, ya zo da ƙarfi sannan ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Saboda haka mai lura yakan tona ƙasa ya ga zurfin da laima ta kai kafin ya zuba iri, wasu kuma su yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira rahamar Allah. A yau manoma da yawa suna haɗa abin da idonsu ya gani da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ake watsawa a gidajen rediyo.