Zafin Jiki da Aikin Dofamin a Ƙwaƙwalwa

Dofamin sinadari ne da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo da shi. Yana da hannu a motsin gaɓoɓi, da himma, da daɗin da mutum ke ji in ya samu abin da yake nema. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna matsayinsa a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Tsakanin dofamin da zafin jiki akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: zafi yana sauya aikinsa, shi kuma yana cikin masu daidaita zafin.

Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Selshiyas, na ƙwaƙwalwa kuwa yakan ɗan ɗara haka. Haɗa dofamin da sakinsa da mayar da shi cikin jijiya duk aikin furotin ne, waɗanda ke ƙara sauri da ɗumi, su yi nauyi da sanyi. In zafi ya wuce kima sai tsarin ya rikice. A ɓerayen da zafi ya buge, an ga dofamin ya taru fiye da ƙima a sassan ƙwaƙwalwa, kuma yawansa na haifar da sinadarai masu lahani ga jijiyoyin. Ƙwayar metamfetamin ma haka: ta fi lalata jijiyoyin dofamin in jikin ɓera ya yi zafi, ɓarnar kuma ta ragu a ɗaki mai sanyi.

Mai kula da zafin jiki wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus. Dofamin ɗin da ake saki a sashensa na gaba yana taimaka wa jiki ya zubar da zafi. A nan ne maganar ta shafi majinyata kai tsaye, domin magungunan taɓin hankali irin su halofiridol da kulofuromazin aikinsu shi ne toshe mashigar dofamin. Jefi-jefi hakan kan jawo wani mugun yanayi da likitan Faransa Jean Delay da abokan aikinsa suka bayyana a 1960. Zazzaɓi ya tashi, wani lokaci ya haura digiri 40, tsoka ta sanƙare har a kasa lanƙwasa hannun majinyaci, zufa ta jiƙe masa riga, zuciya na bugawa da sauri, hankali ya gushe. Ana dakatar da maganin, a sanyaya jiki, a ƙara ruwa, a wasu lokuta a ba da bromokiriftin mai kwaikwayon dofamin. Mai cutar Parkinson (ciwon karkarwa na ƙarancin dofamin) da ya daina shan maganinsa na lebodofa farat ɗaya na iya faɗawa irin wannan hali. Ko ba a kai nan ba, masu shan magungunan taɓin hankalin nan ba sa jure zafi kamar sauran mutane. Ya kamata masu jinya su san haka, musamman a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40.

A fagen wasanni, wani gwaji da ƙungiyar Romain Meeusen ta Beljiyam ta wallafa a 2005 ya ba 'yan tseren keke bufirofiyon, maganin da ke ƙara dofamin da wani sinadarin saƙo mai suna noradirenalin a tsakanin jijiyoyi. A ɗaki mai digiri 18 bai ƙara musu komai ba. A digiri 30 sun fi sauri, zafin jikin wasunsu ya kai 40, amma ba su ji wahalar ta ƙaru ba. Wannan abin tsoro ne, don gajiyar da ke tsayar da mutum a cikin zafi kariya ce gare shi.

Sai batun wanka da ruwan sanyi, da ake yawan cewa yana ƙara dofamin. Tushen maganar wani bincike ne na ƙasar Cek a 2000, inda zaman awa ɗaya cikin ruwa mai digiri 14 ya ɗaga dofamin da kashi 250 cikin ɗari. Sai dai a jini aka auna shi, dofamin ɗin jini kuwa ba ya ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa.