Mene ne hawan jinin aldosteron?

Akwai mai hawan jinin da yake shan magani kala uku, bai taɓa tsallake rana ba, amma duk sanda aka ɗaura masa abin awo a dantse sai a ga 170 bisa 100. An ce ya rage gishiri, ya rage. A gida ana cewa tunani ne ya yi masa yawa. Ga ƙafafu sun mutu da kasala, ga tashi fitsari sau uku kafin asuba. Irin wannan ne likita ke zargin yana da hawan jinin aldosteron, wanda ake kuma kira cutar Conn, da sunan Jerome Conn, likitan Jami'ar Michigan ta Amurka da ya wallafa bayaninta a 1955.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, sunanta adirinal. Ita ke fitar da homon (sinadari mai kai saƙo a jiki) ɗin aldosteron, wanda aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da sinadarin potasiyam. Idan ya yi yawa, gishiri ya taru, ruwa ya bi shi, jini ya hau. Wani lokaci sanadin ɗan ƙari ne a adirinal ɗaya, wanda galibi ba ciwon daji ba ne. Wani lokaci duka biyun ne ke wuce gona da iri. A da an ɗauka cuta ce da ba a cika gani ba. Yanzu an gano tana bayan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini, kuma ta fi haka a wajen waɗanda magani ya ƙi kama su. Abin da ya sa ake damuwa da ita: ta fi hawan jini na yau da kullum jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, ko da awon ya zo ɗaya.

Gwajin farko na jini ne, da safe. Ana auna aldosteron tare da renin, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa. Idan aldosteron ya yi sama, renin ya kwanta ƙasa, to da walakin. Sai dai gwajin yana da tsirfa: ƙarancin potasiyam na iya ɓoye cutar, wasu magungunan hawan jinin ma suna rikita sakamakon, don haka likita kan sauya su na 'yan makonni. Likita fa, ba mai ciwon da kansa ba. Kuma kada a ce tunda potasiyam ya fito daidai an tsira. Yawancin masu cutar nasu daidai yake.

Daga nan, don a tabbatar da cutar, wasu a yi musu ƙarin ruwan gishiri, lita 2 cikin awa 4. Jikin mai lafiya zai rage aldosteron nan take, na mai cutar kuwa ko gezau.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka. Mutum ya ga an nuna masa ƙari a dama, sai ya ƙagu a cire. Alhali mutane da yawa, musamman manya, suna da irin wannan ƙarin da ba ya fitar da komai, mai laifin yana hagu ko duka biyun. Shi ya sa kafin tiyata ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa jijiyar kowace adirinal, a ɗebi jini a kwatanta. Aikin gwanaye ne, ba kowane asibiti ke yin sa ba.

In ɓangare ɗaya ne, ana cire shi ta 'yan ƙananan huji a ciki, ɗayan ya ci gaba da aiki. Potasiyam kusan kullum yana daidaita. Wasu su rabu da magani gaba ɗaya, wasu su koma kala ɗaya ko biyu, musamman waɗanda suka daɗe da ciwon. In duka biyun ne, ko mutum ba ya son wuƙa, sai ƙwayar spironolactone mai toshe aikin homon ɗin. Tana da araha, amma takan kumbura nonon namiji, ta rikita al'adar mace. Idan hakan ta faru akan koma eplerenone. Kowacce aka ɗora mutum a kai, dole a riƙa duba potasiyam da lafiyar ƙoda, don a wannan karon potasiyam ɗin hawa yake yi, ba sauka ba.