Ƙungiyoyin Ƙwadago, Kafafen Sada Zumunta da Zaluncin Tarihi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: Me ya sa waɗannan batutuwa uku suke yawan jawo musu?

Amsa: Domin dukkansu suna komawa ga tambaya ɗaya ce, wato wa ke riƙe da wuƙa da nama, wa kuma ke kwana a ciki. Masu musun kan ɗauka cewa hujjoji suka raba su, alhali sau da yawa sun yarda da abin da ya faru, sun saɓa ne a kan wanda ya kamata ya ɗauki asara.

Tambaya: Ina saɓanin yake game da ƙungiyoyin ƙwadago?

Amsa: Magoya bayansu suna cewa ma'aikaci shi kaɗai ba shi da bakin magana a gaban mai kamfani, suna kuma kafa hujja da gwagwarmayar neman aikin sa'o'i takwas da aka yi a Chicago a watan Mayun 1886, wadda daga gare ta aka samo ranar ma'aikata. Masu suka kuwa suna cewa yajin aiki ya fi cutar da majinyaci da ɗalibi da matafiyi fiye da wanda aka yi dominsa, kuma ƙungiya tana kare mai aiki a hannu ne, ba ruwanta da mai neman aiki. Abin lura shi ne ra'ayin mutum yakan danganta da wace gwamnati ake yi wa yajin. Firaministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, ta murƙushe yajin masu haƙar kwal na Birtaniya a 1984 zuwa 1985, amma a 1988 ta je birnin Gdansk na Poland ta gana da Lech Walesa, jagoran ƙungiyar ƙwadagon da ta addabi gwamnatin kwaminisanci ta Poland.

Tambaya: Shin kafafen sada zumunta ne suka raba kan jama'a?

Amsa: Ba su suka ƙirƙiro saɓani ba, sai dai da yake da kuɗin talla suke rayuwa, sun fi tura wa mutum abin da zai sa ya daɗe yana kallo, kuma ba abin da ya kai fushi riƙe ido. A 2018 Facebook ya amince cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shi don tunzura rikici a Myanmar. Wasu na so a tilasta wa kamfanonin goge ƙarya da kalaman ƙiyayya, wasu kuma na tsoron duk wanda aka ba wannan iko zai toshe bakin 'yan adawa da shi.

Tambaya: Me ya sa ake tayar da zaluncin da masu aikata shi suka daɗe da mutuwa?

Amsa: Mai adawa da biyan diyya yakan ce shi bai taɓa mallakar bawa ba, don haka babu dalilin da zai sa a biya diyya da harajinsa. Maganar tana da nauyi, amma gwamnati ba ta mutuwa kamar mutum, tana gadon dukiya tana gadon bashi. Lokacin da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi, su bayin ba su sami ko sisi ba. A 1825 kuma Faransa ta ɗora wa Haiti biyan faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta. Wanda ya san waɗannan ba zai ce biyan diyya baƙon abu ba ne. An biya, amma ga waɗanda suka ci moriyar zaluncin.

Tambaya: An taɓa biyan waɗanda aka zalunta kuwa?

Amsa: An taɓa, musamman idan suna raye. A 1988 Amurka ta amince da biyan dala 20,000 ga kowane mai asalin Japan da ta tsare a yaƙin duniya na biyu wanda yake da rai, a 2013 kuma Birtaniya ta biya fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau. Idan jikoki kaɗai suka rage, lamarin yakan cije. A 2021 Jamus ta amince cewa abin da ta yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30, amma ta ƙi kiran kuɗin da sunan diyya, shugabannin ƙabilun da dama kuma suka yi watsi da yarjejeniyar, suna cewa an ƙulla ta ne ba tare da su ba.