Ibada, tawali'u da bayarwa: me Allah yake dubawa?

Me ya sa Yesu ya tsananta a kan masu ibada don idon mutane?

A Matiyu sura 6 ya ɗauki abubuwa uku da kowane mai ibada ya sani: sadaka, addu'a da azumi. Bai hana ko ɗaya ba. Abin da ya kushe shi ne mutum ya yi shela kafin ya miƙa sadaka, ko ya tsaya addu'a a mararraba don a gan shi, ko ya ɓata fuska don a san yana azumi. Ya ce irin waɗannan sun riga sun karɓi ladarsu. Yabon mutane suka nema, sun kuma samu, babu sauran abin da suke jira a wurin Allah. Shi ya sa ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake bayarwa.

To, ba shi ne ya ce haskenmu ya haskaka a gaban mutane ba?

Shi ne, a Matiyu 5:16. Amma a karanta ayar har ƙarshe: don su ga kyawawan ayyuka su ɗaukaka Uba na Sama. Ba a haramta a ga alherinka ba. Tambayar ita ce, wa zai tafi da yabon?

Tawali'u yana nufin mutum ya raina kansa ne?

A'a. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 18, Bafarisiye (ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Attaura) da mai karɓar haraji sun shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba: yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da ushiri. Laifinsa ya mai da addu'a lissafin kansa, yana auna tsarkinsa da na maƙwabcinsa. Ɗayan kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Yesu da kansa, yana sane sarai da ko shi wane ne, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa (Yahaya 13). Wanda ya san matsayinsa a gaban Allah ba ya jin kunyar sunkuyawa.

Labarin gwauruwar nan fa, yana nufin matalauci ya ba da duk abin da ya mallaka?

A nan ya kamata a yi hattara. A Markus 12:41-44 Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko a akwatin Haikali. Attajirai suka zuba da yawa, ita kuwa ta jefa 'yan tagulla biyu, kimanin kashi 1 cikin 64 na ladar yinin lebura. Ya ce ta fi kowa bayarwa, domin su daga yalwarsu suka gutsuro, ita kuwa abin zaman garinta ta bayar. Ke nan Allah yana duban abin da ya rage a hannu, ba abin da ya faɗa akwati kaɗai ba.

Sai dai a aya ta 40, gab da wannan labari, ya la'anci halin malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Ni a ganina, duk mai wa'azin da ya ɗauki wannan mata ya matsa wa talaka lamba da ita, ya tsallake ayar da ke magana a kansa. Yabon bangaskiyarta daban, izinin tatsar irinta daban.

Nawa ne ya kamata a bayar?

Ikilisiyoyi sun bambanta a kan ushiri: wasu suna riƙe da kashi 10 cikin 100 bisa Malakai 3:10, wasu suna ganinsa mafari ne kawai. Manzo Bulus, da yake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudurta a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba (2 Korantiyawa 9:7). Misalin da ya kawo na ikilisiyoyin Makidoniya ne, waɗanda suna cikin matsanancin talauci amma suka roƙa a bar su su taimaka.

Hananiya da Safiratu don sun rage kuɗi aka hukunta su?

Ba don haka ba. A Ayyukan Manzanni sura 5, wannan miji da mata sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo wa manzanni sauran kamar shi ne duka, suka faɗi matattu. Manzo Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma yana hannunsa bayan ya sayar. Da ya kawo rabi ya ce rabi ne, da babu laifi. Da alama sun ga wani mai bi, Barnaba, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin, sai suka so irin sunansa ba tare da irin sadaukarwarsa ba, suka yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya.